Baba Gershon da Sunayen da Ya Rubuta da Jan Fenti

Baba Gershon, bari in fara da mutanen gida, tun da ba ka taɓa yarda in ce maka lafiya lau in wuce ba. Duk ranar da na shigo shagonka sai ka ajiye abin da ke hannunka ka ce, "Maman Yemima, ban da kuɗin goro, faɗa mini su ɗaya-ɗaya." To ga su. Maigidana Andrawus yana nan, ciwon bayan bai sake shi ba, amma yana lallaɓawa zuwa gonar citta. Ɗanmu Kaleb lafiyarsa ƙalau a Kaduna, ya kira mu ranar Lahadi. 'Yarmu Milka ta warke daga zazzaɓi ta koma makaranta. Ni ma ina tsaye da ƙafafuna, abinci ne dai ba ya shiga. Yemima ce ba lafiya. Ka san da haka tun da, amma yanzu ta fi yadda ka bar ta rauni, kuma injin da take numfashi da shi ya fara kunna 'yar wutar gargaɗin nan mai ruwan ɗorawa.

Saboda waɗanda za su ji wannan takarda ba su san mu ba, sunana Hellen Andrawus, a Kafanchan nake zaune. Ina rubutu ne a kan mutumin da garin nan ya sani da Baba Gershon mai gyara, wanda shagonsa yake kan hanyar tashar jirgin ƙasa. Ubangiji ya kira shi gida ranar Talata, takwas ga watan Oktoba, 2024. Ya faɗi a shagonsa ranar Asabar ɗin da ta gabaci rasuwarsa, ɓarin jikinsa ya shanye, bai ƙara magana ba. An kai shi makwancinsa a ƙauyensu kusa da Fadan Kagoma ranar sha tara ga wata. An nemi in sa wani abu a littafin jana'iza, amma ban gama a kan lokaci ba. Sai da na wuce shekara arba'in na shiga ajin manya a majami'a na koyi karatu da rubutu, hannuna har yanzu ba ya sauri. Fastonmu ya ce in gama a hankali, za a karanta bayan sujada, matasa kuma za su tura ta a waya duk inda za ta iya kaiwa. Ina roƙon Allah ta kai nesa.

Baba, manya sun ce a reluwe ka fara aiki, kana kula da sigina a lokacin da jirage suke haɗuwa a Kafanchan daga gabas da yamma da arewa. Da jiragen suka yi ƙaranci aka sallame ku, ba ka zauna kuka ba. Ka kama ɗan shago, ka kafa tebur, ka fara da rediyo da agogo. Daga nan talabijin, daga nan fanka da dutsen guga, har aka zo zamanin wayar hannu, ka sa tabarau biyu a hanci ka koye ta da furfurarka. Ni na fara saninka ne a kan rediyon maigidana. Ya daina magana, na ɗauko shi zan ba yara su yi wasa, wata maƙwabciya ta ce in gwada ka. Ka buɗe shi, ka taɓa wuri ɗaya da dalma, sai ga mutum yana karanta labarai. Ka kalle ni ta saman tabarau ka ce, "Da kin binne shi da rai." Har yanzu rediyon yana kan tagarmu.

Amma ba don rediyo na ɗauki biro ba.

Yemima ita ce 'yata ta fari. Tela ce, tana da kekenta da masu kawo mata ɗinki har daga Kagoro. Shekara huɗu da suka wuce tarin fuka ya kama ta. Ta sha magani yadda aka ce, an kuma ce cutar ta mutu, amma ta bar mata huhu a lalace. Likitoci suka ce iskar da muke shaƙa ba ta isar ta, sai an ƙara mata da oksijin, yawancin yini da lokacin barci. Tukunyar oksijin ta asibiti ba abin da talaka zai riƙa cikawa kullum ba ne. Sai ikkilisiya da dangi suka haɗa hannu aka saya mata injin da ke tace oksijin daga iska, na gwanjo daga ƙasar waje, mai launin shuɗi-shuɗi, tsayinsa ya kai gwiwa. Ana jona shi da wuta, ana sa mata siririyar roba a hanci. Da shi ta dawo tana zama, tana dariya, har tana ɗan ɗinkin hannu.

Bayan shekara guda, wata safiya, injin ya yi ƙara ya tsaya. Akwai lambar waya a jikinsa, Kaleb ya kira. Mutumin da ya ɗauka a Legas ya yi mana magana da ladabi. Ya ce ba a buɗe injin, duk wanda ya ɓalle sitikar da ke bayansa ba ruwansu da shi. Kaleb ya ce to a sayar mana da abin da ya lalace a ciki. Ya ce ba sa sayar da kayan ciki ga kowa, kuma wannan samfurin an daina yin sa, abin da ya fi shi ne mu sayi sabo. Ina tsaye ina ji, ina kallon leɓen 'yata yana canza launi.

Na ɗaure injin da zane, na hau acaɓa na rungume shi kamar yaro, na zo wurinka. Ka saurare ni har na gama. Ka juya injin ka ga sitikar, ka tambaye ni, "Wa ya biya kuɗin wannan abu?"

Na ce, "Mu ne, Baba, da jama'ar Allah."

"Haya kuka ɗauka?"

"A'a, saya muka yi."

Ka ce, "To naku ne, ciki da waje." Ka sa farce ka yage sitikar.

Sai ga wata matsala. Kusoshin da aka ɗaure shi da su ba irin waɗanda aka sani ba ne, kansu kamar tauraro da ɗan tsini a tsakiya, duk sukudirebobinka ba wanda ya shiga. Ka yi tsaki ka ce an yi su haka ne da gangan don kada irinka ya buɗe. Ka ɗauko wani guntun ƙarfe ka zauna kana goga shi, kana gwadawa, kana sake gogawa, ni kuwa ina kai da kawo a bakin shago ina addu'a. Ba ka ce mini in zauna ba, ka san ba zan iya ba. Da ya buɗe, ashe wata 'yar fanka ce ta ƙone, wadda ba ta kai tafin hannu ba. Ka ciro irinta daga wata matacciyar kwamfuta ka sa. Kafin la'asar Yemima tana numfashi. Saboda fankar nan aka ce mu jefar da injin gaba ɗaya.

Tun daga ranar ka ɗauki injin nan kamar ɗan gidanka. Kai ka haɗa mana sola da tsofaffin batura don ranar da aka ɗauke wuta. Kai kake zuwa kan kekenka ka wanke matatarsa, ka sa kunne a jikinsa kamar ungozoma. Yemima tana kiran injin mijinta. Takan ce maka, "Baba, mijin nan nawa ba ya bari in je ko'ina, ga gunaguni daga safe har yamma." Kai kuma ka ce, "Ki yi haƙuri da shi, 'yata, ya fi wasu mazan, aƙalla yana kwana a gida." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ni in yi muku faɗa ku biyu. Ban taɓa jin ka ce mata sannu da muryar tausayi ba. Kullum da tsokana kake shigowa, ita kuma ranar da za ka zo takan ɗaura ɗankwali mai kyau.

Wata rana ka ce mini, "Maman Yemima, fanka muka samu da sauƙi. Ranar da babban abu ya lalace, babu inda za mu samu a ƙasar nan. Sai mun nemo masa 'yan'uwa." Ban gane ba sai bayan wata biyu, da ka kira ni gidanka. Ka ji labarin wani ƙaramin asibiti a Jos da zai zubar da injuna biyu irin namu waɗanda suka mutu. Ka hau mota da kanka, ka roƙe su, ka dawo da su a saman bas ruwan sama yana dukansu, ka rufe su da rigar ruwanka. Ka ce kowannensu abu ɗaya ne ya kashe shi, sauran jikinsa lafiya lau ne, kuma da su biyun za a iya riƙe na Yemima shekaru.

A ranar na fara ganin rumfar kwanon da ke tsakar gidanka. Wanda bai sani ba zai ce juji ne. Tsofaffin talabijin, rediyoyi, fankoki, injin markaɗe, lasifika, an jera su har rufi. Amma kowanne akwai suna a jikinsa da jan fenti. A lokacin ina sabuwar iya karatu, ina son karanta duk abin da na gani, sai na tsaya ina haɗa baƙaƙe. Na ga sunan wata gwauruwa mai sayar da kunu a jikin wani firiji. Na ga sunan wata majami'ar ƙauye a jikin lasifika biyu. Na ce, "Baba, duk waɗannan mutane sun bar maka kayansu ba su zo sun ɗauka ba?"

Ka yi dariya ka ce, "A'a. Nasu yana gidajensu yana aiki. Waɗannan na ajiye musu ne. Ranar da nasu ya yi ciwo, a nan zan ciri magani." Sai ka tsoma tsinke a gwangwanin fenti, ka rubuta YEMIMA a jikin injunan biyu, ka ce in karanta. Na karanta. Ka ce, "Madalla, makaranta ba ta ci kuɗinki a banza ba."

Haka kake aiki. Ba ka rubuta sunan wanda ya zubar, sai sunan wanda abin zai yi wa amfani nan gaba. Matarka, Mama Scholastica, ta sani. Ƙasimu ma ya sani, mai sayen tsofaffin ƙarafa da ke tura kurarsa unguwa-unguwa, domin shekara da shekaru sai ya fara biyowa ta wurinka ka zaɓi abin da za ka zaɓa kafin ya kai saura sikeli. Kuna faɗa a kan ciniki kamar za ku daki juna, ku ƙare kuna cin gyaɗa a kwano ɗaya. Ban sani ba ko akwai wani bayan mu ukun da ya san ma'anar sunayen nan.

A shekarun nan na ƙarshe ranka yana yawan ɓaci da sababbin kaya. Kakan ɗaga waya ka nuna mini ka ce, "Dubi, ba kusa ko ɗaya, da gam aka liƙe ta. Batir ya gaji, sai a yar da ita duka." Ka ce akwai waɗanda ko ka sa musu sabon gilashi sai su ƙi aiki, don an koya musu su ƙi hannun da ba na kamfani ba. Ka ce ka ji a rediyo a wasu ƙasashe mutane sun tashi tsaye sai an yi doka, a tilasta wa masu ƙera kaya su sayar da kayan gyara su kuma faɗi yadda ake buɗewa. Ka ce, "Su da suke da kuɗin sayen sabo suna faɗa a kan gyara. Mu da ake kawo wa tsofaffinsu mun yi shiru." Sannan ka nuna mini baƙin hayaƙin da ke tashi daga bayan gari, inda ake ƙona wayoyin wuta don a ciri jan ƙarfe. Ka ce duk abin da ya fi ƙarfin mai gyara can yake ƙarewa, kuma idan aka yi ruwa tokar tana gangarawa rafin da mata suke ban ruwan alayyafo. Ranar da iska ta juyo da hayaƙin nan wajenmu, sai na rufe tagogi na toshe ƙasan ƙofa da tsumma saboda Yemima.

Zuwanka na ƙarshe gidanmu, ka daɗe da kunnenka a jikin injin. Ba ka yi tsokana sosai ba. Da na raka ka waje ka ce famfon da ke tura iska, wanda kake kira kwamfaresa, ya gaji. Ka ce ka riga ka ciro mai kyau daga ɗaya daga cikin 'yan'uwan, ka kai shago kana gwada shi da wasu ƙananan abubuwa da za a canza tare, ranar Asabar za ka zo ka sa. Ka ce, "Kada ki faɗa wa amarya, kada ta damu. Mijinta zai kai Asabar."

Ranar Asabar na dafa maka gwaten acca da kake so. Yemima ta ɗaura ɗankwalinta. Muka jira har rana ta take, har gwaten ya huce. Ba ka taɓa saɓa mana alkawari ba, don haka tun kafin a zo a faɗa mini jikina ya ba ni. Mai sayar da ƙosai kusa da shagonka ce ta same ka a ƙasa, kekenka a jingine a waje, an riga an ɗaura masa jakar aiki.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi mini wuyar rubutawa, kuma ina roƙon iyalinka su karanta shi da zuciyar da na rubuta shi. Ba ƙara nake kai kowa ba.

Kowa ya san yadda muke yi idan aka yi rashi. Kafin ranar jana'iza matasa da matan unguwa sukan taru su gyara gidan makoki, a share, a nemi wurin kafa rumfuna da jera kujeru, a ware inda za a yi girki. Matar mamaci kuma tana zaune a ɗaki a kan tabarma, mata kewaye da ita, ba a damun ta da tambayar komai. Wannan ƙauna ce, ni ma na yi wa wasu, an kuma yi mini lokacin da uwata ta rasu. Ɗanka Simon ya iso daga Abuja, ya ga baƙi za su zo daga wurin aikinsa da gidan surukansa, ya ga rumfar kwano ta cinye rabin tsakar gida. Ya ga sunaye da jan fenti, ya ɗauka abin da ni ma na ɗauka da farko, cewa mutane ne suka jibge wa tsoho tarkacensu suka ƙi ɗauka. An ce har ya yi fushi saboda kai, ya ce an mai da gidan ubansa bola. Ƙasimu ya yi tafiya a makon. Wasu baƙin masu sayen ƙarfe suna wucewa da a-kori-kura, aka tsayar da su. Mama Scholastica tana ɗaki, taku kaɗan daga wurin, ba wanda ya ga ya dace a tashe ta da maganar tsofaffin talabijin.

Ni ban zo da safe ba, jikin Yemima bai yi daɗi ba. Da rana na ɗauko itacen girki da ɗan hatsi na gudummawa na shigo gidan. Na tsaya da itacen a kaina. Inda rumfar take babu komai sai ƙasa da aka share tsaf, ana ganin sawun tsintsiya, an yayyafa ruwa. Wani saurayi da gumi a fuskarsa ya ce mini da murna, "Mama, kin ga wuri ya yi kilin? Sawu uku motar ta yi." Ban san lokacin da itacen ya zube ba. Mata suka zo suka riƙe ni, suna cewa in yi haƙuri, Baba ya tafi wurin hutu. Sun ɗauka kukan makoki nake yi. Na bar su a haka, domin ba wurin faɗa ba ne.

Da Ƙasimu ya dawo na neme shi. Da ya ji, ya zauna a kan kurarsa ya riƙe kai. Sannan ya ce, "Taso, Maman Yemima, mu je mu gani ko Allah ya sa ba su kai kansu ba." Ya kai ni bayan gari, wurin da ka sha nuna mini daga nesa. Ban taɓa zuwa ba. Ƙasar wurin baƙa ce, tana manne wa takalmi. Warin yana kama maƙogwaro. Mutane suna fasa talabijin da guduma, wasu suna juya wuta da sanda ba ko ƙyalle a hancinsu, idanunsu jajur. Su ma abinci suke nema, na sani. Ƙasimu ya yi ta tambaya, aka nuna mana wani tsibi. An riga an farfasa komai, an ware ƙarfe gefe, an ƙona abin da za a ƙona. Na sa hannu ina tonawa. Na sami ɓallen firiji da sunan gwauruwar nan mai kunu. Can ƙasa na ciro wani guntun roba shuɗi-shuɗi, gefensa ya narke ya nannaɗe. Baƙaƙe huɗu ne suka rage a jikinsa, amma na karanta su. Da ban je makaranta ba, da na wuce shi ban san mene ne ba.

Na kawo shi gida na ɓoye a ƙarƙashin akwati. Yemima ba ta sani ba, sai dai idan an karanta wannan takarda za ta ji. Na yi shawara da babanta, muka ga gara ta ji. Ba yarinya ba ce, kuma tana ganin wutar nan da idonta. Shekaranjiya ta ce mini, "Mama, mijina ya fara tari irin nawa." Ta yi murmushi, ta jira in amsa mata kamar yadda kake yi. Ban iya ba.

Simon, ɗana, ka zo gidanmu bayan jana'iza da mahaifiyarka ta faɗa maka, ka durƙusa a gabana da manyan kayanka kana hawaye. Na faɗa maka a ranar, ina kuma sake faɗa a gaban jama'a, ban riƙe ka da komai ba. Ka yi abin da ɗa nagari yake yi, ka so a sallami mahaifinka cikin mutunci. Da a ce ana sayar da kayan injin nan a kanti kamar yadda ake sayar da tayar keke, da mahaifinka bai tara matattun injuna a tsakar gidansa ba, da sharar gidan makoki ba ta zama abin da ta zama mana ba. Ku da kuka yi karatu kuke zaune kusa da masu yin doka, wannan maganar na bar muku. Ni iyakata ke nan.

Baba Gershon, ka yi aikinka, ka gama. Ba ka tara dukiya ba, amma babu unguwar da za a shiga a garin nan ba a sami abin da hannunka ya tayar ba. Ubangiji Allah da ka bauta wa ya karɓe ka cikin jinƙansa, ya gafarta maka kurakuranka, ya ba ka hutu a wurin da ba ciwo ba hayaƙi. Yesu Kristi ya riƙe ka har ranar tashin matattu. Mama Scholastica, Ubangiji ya zama miki miji da garkuwa, ya share miki hawaye, ya ba ki ƙarfin zama a gidan da ya yi miki faɗi. Simon da ƙannenka da jikoki, da dangi na Fadan Kagoma, da masu gyara na Kafanchan, da Ƙasimu wanda ya rasa abokin faɗa, Allah ya ba mu haƙuri duka. Amin.

Yanzu ga roƙona.

Shagon Baba yana kulle tun ranar da ya faɗi. Wanda ya ba Baba hayar shagon ya riga ya ba wani, wanda zai sayar da sababbin wayoyi. Iyali sun sa ranar Asabar, biyu ga watan Nuwamba, za su buɗe, duk mai kaya ya ɗauki nasa, abin da ya rage a kwashe a ba da makulli. Simon ya yi mini alkawari ba abin da zai fita sai ina wurin, kuma na gode. Amma ko na tsaya a wurin, ban san abin da nake nema ba. Idan ya rubuta sunan Yemima a jikin kwamfaresan zan gane shi. Ƙananan abubuwan da ya ce za a canza tare ban san kamarsu ba. Guntun ƙarfen da ya goga don buɗe kusoshin yana cikin ɗaruruwan ƙarafa a shagon. Ko na same su duka, ba ni da hannun da zai sa. Na zagaya masu gyaran waya a kasuwa, kowa ya ce yana tsoro, abin da ran mutum yake rataye a kai ba zai taɓa ba. Ban ga laifinsu ba.

Baba ya koyar da mutane da yawa a shekarun nan, sun watsu a Jos da Kaduna da Abuja da inda ban sani ba. Ya sha ambaton wani Jamiluddeen, ya ce a cikin duk waɗanda suka zauna a teburinsa shi ne mai hannun da ba ya rawa. An ce yana wajen Suleja, wasu sun ce ya koma Kano. Jamiluddeen, ban san fuskarka ba, amma idan wannan takarda ta same ka, uwa ce take kiran ka. Idan ba shi ba, duk wanda ya koyi aiki a hannun Baba Gershon, ya zo ya tsaya tare da ni ranar da za a buɗe shagon, ya nuna mini abin da zan ɗauka, ya bi ni gida. Ba zan ɗora wa kowa laifi ba idan aka gwada bai yiwu ba. Kuma duk wanda yake da mataccen injin oksijin a gida ko a asibiti, kada ya ba masu sikeli, ya aiko mana da labari.

A ba da amsa ta hannun fastonmu ko ta wurin Simon, ko a tambayi gidan Andrawus mai citta, kowa zai nuna. Ina roƙo amsar ta iso kafin ranar Juma'a, ɗaya ga Nuwamba, domin in san ko ni kaɗai zan shiga shagon nan.

A ɗakin Yemima nake rubuta wannan, a kan keken ɗinkinta da muka rufe da zane. Ta yi barci. Wutar tana nan ruwan ɗorawa, ba ta koma ja ba tukuna. Baba ya ce injin zai kai Asabar, ga shi ya wuce Asabar uku, ban san ko nawa suka rage masa ba.

Hellen Andrawus, Maman Yemima
Kafanchan